Yadda na shafa Fatiha da tawada a zauren dagaci

Tunda labarin ya riga ya kai har Gumel kuma kowa da irin gishirin da yake ƙara masa, gara ku ji daga bakin mai fuskar.

Kun dai san alƙalamin nan da Yaya ya aiko min daga Ingila da aka ba ni sakataren ƙungiyar manoma. Ba na aljihu ba ne, na tebur ne, dogo mai siririyar jela, ba murfi ba maƙali, gindinsa wani baƙin dutse ne mai nauyi da rami a jiki, nan ake soke shi ya tsaya a karkace kada bakin ya bushe. Tsohon Sheaffer ne na Amurka, kuma kafin Yaya ya aiko sai da ya kai wa wani mai gyaran bakin alƙalami ya goge ɗan dunƙulen ƙarfen da ke tsinin ya mai da shi faffaɗa, shi ya sa in ka ja layi ƙasa ya fito da kauri, in ka ja a kwance ya fito siriri, ko sunanka kawai ka rubuta sai ka ji kana ganin girman kanka.

To Kawu zai sayar da gonarsa ta bakin burtali, Alhaji ya kai shanu Maigatari ran Alhamis ya haɗo kuɗi, aka sa Asabar a zauren dagaci, aka ce ni zan rubuta takarda. Na naɗe dutsen a tawul, na ɗaure a bayan mashin, na sa farar shaddata ta sallah.

Wallahi da farko abin ya yi armashi. Na sa aka kawo ɗan benci na girke dutsen a kai, zaure ya yi tsit, na zaro alƙalami a hankali na fara, ni wane ɗan wane na sayar da gonata, gabas ta yi iyaka da burtali, yamma da gonar magada. Dagaci da kansa ya leƙo ya ce "Sakatare wannan rubutu sai ka ce na gwamna". Na ce ranka ya daɗe ai aikin bakin ne, amma sai an kwantar da shi daidai a kan takarda, in ka murɗa shi ko ka miƙar da shi tsaye irin riƙon biro sai ya riƙa tsallake ko ya karci takarda. Liman ya karɓa ya kai kusa da ido ya jujjuya, ya ce to ai wannan alƙalamin gamba ne aka yi da ƙarfe, shi da reza yake fiƙe nasa kyauta, kuma ma wanda ya fiƙe wannan bai karkata bakin ba, ba zai yi daɗin ajami ba. Har ya ce in kawo ya zuba min tawadarsa. Na ce Allah gafarta malam a rufa min asiri, taku da ƙaro ake haɗawa, in ta bushe a ciki ta toshe hanyar ke nan har abada, wannan sai Quink ta kwalba. Daɗi ya ɗebe ni na shiga yi musu bayanin ɗan ƙarfen da ke kwance a gefensa, cewa in ka ɗaga shi da farce sai ya matse wata roba a ciki, ka tsoma baki a kwalba ka mayar da shi ta zuƙi tawada, dabara ce da mai kamfanin ya yi wa rajista tun 1908.

Ashe mai cajin waya yana bakin ƙofa yana ji.

Ni har yanzu ban san wa ya gayyace shi ba. Ba shaida ba ne, ba maƙwabcin gona ba, ba ya cikin dangin Kawu ba ya cikin na Alhaji, shagonsa ma a buɗe ya baro shi da wayoyin mutane. Mutumin da ya ari injin feshina tun farkon damina zai fesa wa wakensa magani, yau ya ce yana wajen ƙaninsa gobe ya ce bututun ne ya tsage yana nema a kasuwa, na gan shi da idona a bayan wani yaro a gonar da ba tasa ba, haya yake bayarwa da kayana! Shi ne kuma wanda na kai wa waya caji ta dawo da batirin da ya kumbura ya rantse haka na kawo ta. Kuma kun san shi, ba a ajiye abu a gabansa bai taɓa ba, ranar ɗaurin auren ƙanwarsa ma shi ya murɗa lasifika ta ƙone.

Na soke alƙalami a dutse na juya ina taya su ƙirga kuɗi, sai na ji a bayana ana cewa "au, wannan ne ɗan ƙarfen?" Ina waigowa na gan shi ya riƙe shi a saman takardar da na gama, farcensa a ƙarƙashin ƙarfen. Na ce kai kada ka, ban ƙarasa ba na kai hannu biyu na tare bakin, shi kuma ya ɗaga. Duk abin da ke cikin robar nan a tafin hannuna ya juye, sauran ya bi ta tsakanin yatsu ya sauka daidai kan kuɗin gonar, adadin ya ɓace ɗungurungum, Alhaji ya ce a'a, Kawu ya ce a'a, kowa na kallon ɗan'uwansa.

Na daure. Na goge hannu da tawul ɗin nan sama-sama, na dunƙule su na cusa tsakanin gwiwoyi, na ce ba komai ranka ya daɗe, a kawo wata takarda. Ɗan dagaci ya sake rubutawa da biro, biro ɗin ma na mai cajin ne, shi ya miƙa yana cewa "ga wanda ba ya amai". Kawu da ba ya sa hannu ya dangwala babban yatsa a tawadar da ta kwanta a benci ya manna, ya ce to ta yi amfani.

Sai Liman ya ɗaga hannu. Bazara ce, zauren ba iska, hannuna ya jiƙe da gumi, ita kuwa tawadar nan da ta ji danshi take farkawa. Ya yi addu'a mai tsawo, Allah ya sa albarka a ciniki, ya ba mai saye amfanin gona ya ba mai sayarwa amfanin kuɗi, muna amin amin, ya ce Fatiha. To wa ke tunani a wannan lokacin? Hannu da kansa yake tafiya. Kuma ni ba shafar gaggawa nake yi ba, daga goshi na faro, na bi ta idanu, na sauko kumatu, na tattaro a gemu har da ɗan murzawa, na ƙara da amin mai ƙarfi don a san raina bai ɓaci ba.

Na buɗe ido na ga dagaci ya ja amawali ya rufe har hanci, kafaɗunsa na rawa. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Alhaji ya tashi wai zai duba mashin ɗinsa. Kawu, ƙanin mahaifiyata fa, ya kalle ni ido cikin ido ya ce "ɗan nan Allah ya yi maka albarka", bai ƙara komai ba. Ni kuma da na ga an yi shiru sai na ɗauka jira ake in yi magana, na miƙe tsaye na yi jawabin godiya a madadin dangi, har da jan hankalin matasa su riƙa girmama kayan mutane, ina yi ina kallon mai caji, shi kuma ya kifa kai a bango yana tari.

A haka na hau mashin na ratsa gari ina ɗaga wa mutane hannu. Na tsaya wajen mai shayi, ya ba ni shayi ya karɓi kuɗinsa bai ce uffan ba, shi ma zan dawo kansa wata rana. Sai da na shiga gida uwargida ta saki murfin tukunya ta ce "Malam, rini ka faɗa?"

Fuskar ta fita da sabulu, gemun ne ya ɗan yi gardama, shaddar kuma tana wajen mai wanki ya ce zai gwada. Mai caji ya aiko yaro jiya, na ɗauka injin feshin ne, ashe wai tambaya yake ko alƙalamin na sayarwa ne.