Gonar da na noma da biro

Hutun damina na koma gida, Baba ya miƙo mini fartanya, ya ce gonar bayan gari tana jiran noman firi. Abin da bai sani ba, a lokacin wata cuta ce ta kama ni: ƙirƙirar harshe. Na ga wasu Turawa sun haɗa nasu mai suna Folkspraak, sun tsinto kalmomi daga Jamusanci da Turanci da harsunan Holan da Sweden, na ce ni ma me zai hana?

Da na isa gona sai na jingine fartanya, na zauna gindin ɗorawa da littafi. Kalma ɗaya tak ta hana ni sakat: me zan kira gona? Jamusawa suna da Feld, suna da Acker. Feld ta cika faɗi, har filin ƙwallo tana ɗauka. Acker kuwa sai inda garma ta shiga, ita nake so. To amma da wace riga? Holan sun ce akker, Sweden åker, mutanen Iceland akur. Kwana 3 ina ja-in-ja da kaina, ciyawa kuma ba ta jira ni ba.

Rana ta huɗu na tsayar da akur. Ina cikin maimaita ta da ƙarfi don in ji daɗinta a baki, sai inuwa ta rufe mini littafi. Baba ne, da ƙanwata ɗauke da ƙwaryar fura.

"Malam, ina noman?"

Na ce bari in kare kaina da ilimi. "Baba, ka san eka ɗin nan da muke faɗa? Daga acre ta Turanci take, 'yar uwar akur ce. Asalinta ƙasar da shanun huɗa biyu za su gama a yini ɗaya."

Ya dubi ciyawar da ta shanye geron, ya dube ni.

"A yini ɗaya?"

"E, Baba."

"To Allah Ya yi wa shanun albarka."

Ƙanwata kuwa ba akur ta ji ba, akurki ta ji. Kafin magariba duk gida an san Yaya ya yi kwana huɗu a gona yana kiran ɗakin kaji. Noman dai na gama shi, tafin hannuna duk kanta. Har yau in Inna za ta aike ni, Malam Akurki take cewa.