Ƙarin lokaci a jarrabawa ba sadaka ba ne

Makon jiya ɗan ƙanwata ya baro makaranta ya zo Birnin Kebbi neman takardar likita, ana saura kwana goma a fara jarrabawa. Ƙyanda ce ta tafi da idanunsa tun yana ɗan shekara huɗu, yanzu yana aji uku a jami'a. Sashensu ne ya fitar da sanarwa cewa duk mai neman wani tanadi na musamman a ɗakin jarrabawa sai ya kawo sabuwar takardar asibiti, kuma haka za a riƙa yi kowane zango. A allo aka manna sanarwar, sai da abokinsa ya karanta masa. "Kawu," in ji shi, "ko suna zaton idon ya buɗe a hutun da ya wuce?" Shi dariya abin ya ba shi, ni kuwa raina ne ya ɓaci.

Me yaron nan yake nema? Wanda zai karanta masa tambayoyi, ko a zuba masa su a kwamfutarsa mai karantawa da murya, sai ɗan ƙarin lokaci da wurin da babu hayaniya. A kan wannan yake rubuta wa shugaban sashe takarda, a tura shi wurin jami'in jarrabawa, daga nan ya bi malamai ofis-ofis yana "ranka ya daɗe". Mai kirki ya ce zai yi masa alfarma, wanda ya tashi da fushi ya ce bai san zancen ba. Kalmar alfarmar nan ita ce ciwon. Abin da aka ba ka don alfarma ana iya hana ka gobe, kuma ba ka da bakin magana.

Alhali kuwa doka ta gama magana. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta ce makarantun gwamnati, har da na gaba da sakandare, su zama na kowa, su tanadi kayan aiki da ma'aikacin da ya san aikin. Ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, wa'adin ya cika tun farkon 2024. A je a duba inda ake zaunar da ɗalibai ranar jarrabawa, a ƙirga matakalar da mai keke zai hau a bayan abokinsa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne an riga an nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Tun 2017 hukumar JAMB, a zamanin Farfesa Is-haq Oloyede, ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola da ke shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a a cibiyoyi na musamman, kuma Kebbi na cikin wuraren. Ke nan an riƙe hannun yaro har bakin ƙofa cikin mutunci, yana shiga sai a sake shi ya laluba.

Na san abin da wasu malamai ke faɗa a bayan fage: wai ƙarin lokaci rashin adalci ne ga sauran ɗalibai. Mai wannan magana bai taɓa zama ya ga yadda ake rubuta jarrabawa da kunne ba. Mai ido yana karɓar takarda, cikin minti ɗaya ya dubi tambayoyi shida ya zaɓi huɗu. Makaho sai an karanta masa su ɗaya bayan ɗaya, idan ya manta sharaɗin da ke cikin ta biyu sai an koma. Amsa kuma shifta yake yi, yana jiran hannun wani, ba ya iya ɗaga kai ya ga inda jimlarsa ta tsaya. Mai karatun Braille ma da yatsa yake bin harafi bayan harafi. Awa biyun nan da ake taƙama da ita, rabinta a sauraro take ƙarewa. To me ake aunawa, sanin darasi ko lafiyar ido? Ban taɓa jin an cire wa ɗalibi tabarau a ƙofar ɗakin jarrabawa don a daidaita shi da saura ba.

Masu cewa mai rubuta masa zai ba shi satar amsa, su ɗauko ɗan aji ɗaya daga wani sashe su zaunar da mai sa ido kusa, magana ta ƙare. Masu kukan kuɗi kuwa su faɗa mana nawa ake sayen rabin awa. Manhajar NVDA da makafi ke karatu da ita kyauta ake sauke ta.

Makaho ma ana ganin lalurarsa. Kurma fa, da mai sa ido zai tsaya a gaba ya gyara tambaya ta uku da baki, kowa ya gyara ban da shi? Zabiya da ba ta buƙatar komai sai a buga mata takarda da manyan haruffa? Mai sikila da sanyin hunturu ya kwantar ranar jarrabawa, aka ce lalaci ne? Da yawansu sun gwammace su yi shiru su kwashi faɗuwa da su tsaya ana yi musu kallon maroƙa.

Ya kamata majalisar kowace jami'a ta rubuta ƙa'ida guda: a tantance ɗalibi sau ɗaya ranar rajista, a ajiye a fayil ɗinsa, teburi ɗaya ya sanar da kowane malami kafin jadawali ya fito. Lalurar da ba ta warkewa a daina neman shaidarta kowane zango.

Ɗan ƙanwata ya samu takardar bayan ya kwana biyu yana bin layin asibiti, ya biya kuɗin mota ya koma. Jiya na kira shi. Ranar Litinin zai fara, kuma har yanzu ba a gaya masa wanda zai karanta masa tambayoyin ba.