Mu daina yi wa mutanen dutse dariya

Jama'a, mu ji tsoron Allah a kan harsunanmu.

Jiya bayan Isha'i, a teburin mai shayi a Samaru, wani ɗalibi ya ce a haɗa masa kauri, sai Hausarsa ta karkace, ya mayar da mace namiji. Benci duk ya ɗauki dariya. Da ya ce daga Mambila yake, wani ya ce, "Au, ashe ɗan dutse ne!" Yaron ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofi. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Kun san inda ya fito kuwa? Can jihar Taraba, ƙaramar hukumar Sardauna. Daga Mayo Selbe mota ke fara hawa, kwana bayan kwana, har a fi mita 1,500 a sama kafin a kai Nguroje da Gembu. Tuddai kore shar, shanu a warwatse, hazo ya kwanta cikin kwari. Ganyen shayin Kakara can ake noma shi. Wasu ƙauyukan na cikin kwarin, in damina ta yi nisa, sai a babur ko a ƙafa, wani wurin sai an tsallake ruwa a kwalekwale.

A irin wannan sanyi, mai sa yatsa ya ƙage, dattijo ke fita da tocila ya yi alwala ya gangara masallaci. Mu fa? Masallaci na jikin katangarmu, lasifika na kiran Assalatu, muna ƙara jan bargo. Wa ya kamata ya ji kunyar wani?

Yawancinsu da harshen gida suka tashi, ga Fulatanci, Hausa ta uku ce. Kai mai dariya, harshe nawa ka iya?

Kuma ba a teburin shayi kaɗai ba. A aji muna yi, a kasuwar Sabon Gari muna yi, har in baƙo ya ja sallah sai mu fito muna kwaikwayon muryarsa. Ɗan uwa, Zazzau garin ilimi ce, gaskiya ne, amma kakanninmu da karɓar almajirai daga nesa suka samu wannan suna. Ba ka san matsayin wanda ka raina a wurin Allah ba.

Don Allah mu bari. Wanda ya san ya taɓa yi, ya nemi mutumin ya roƙe shi gafara tun yana da rai. Don Allah, mu bari.