Takardar shaida kaɗai ba ta isa a miƙa wa mutum ikilisiya ba

Idan aka karanta sharuɗɗan da Manzo Bulus ya gindaya wa mai son shugabancin ikilisiya a sura ta 3 ta wasiƙarsa ta farko zuwa ga Timoti, za a ga kusan dukkansu a kan hali suke: kamun kai, karɓar baƙi, nisantar buguwa da son kuɗi, iya riƙe gida, da kyakkyawar shaida har a bakin waɗanda ba 'yan ikilisiya ba. Guda ɗaya ne ya shafi ƙwarewa, wato iya koyarwa. Amma a yau yawancin makarantun tauhidi wannan gudan suke aunawa, domin shi ne ake iya rubuta jarrabawarsa. Sauran kuwa sai an naɗa mutum an tura shi cikin jama'a tukuna ake gane ko yana da su, a lokacin kuma jama'ar ce ke ɗanɗana kuɗarta.

Ba ina cewa a rage karatu ba. Zamanin nan ma ya fi na da bukatar fasto mai zurfin ilimi. A da, abin da ya faɗa ranar Lahadi shi ne mutane ke riƙewa har mako ya zagayo. Yanzu kafin ya hau mumbari, rabin masu sauraronsa sun riga sun ji wa'azin mutane barkatai a YouTube da WhatsApp, wani na cewa a bar shan magani don nuna bangaskiya, wani na alkawarin arziki ga duk wanda ya turo kuɗi. Matashin da ya miƙo wa fasto waya ya ce, "Baba, ka ji abin da wannan ya faɗa, gaskiya ne?" ba tsawa yake nema ba. Yana bukatar wanda zai buɗe nassin tare da shi, ya nuna masa abin da ke gaba da ayar da abin da ke bayanta. Don haka Ibrananci da Helenanci, wato harsunan asali na Littafi Mai Tsarki, da tarihin ikilisiya su zauna daram a manhaja.

Matsalar ita ce mafi yawan aikin ba a kan mumbari yake ba. A ce wata mata ta ƙwanƙwasa ƙofar ofis ranar Talata, ido a kumbure, ta ce mijinta ne, mijin kuma dattijon ikilisiya ne. Sabon faston da bai taɓa ganin yadda ake riƙe irin wannan magana ba, abin da zai zo masa a baki shi ne, "Ki yi haƙuri, ki ci gaba da addu'a," ya sallame ta ta koma inda ta fito. Ba mugunta ce ta sa shi ba. Ba wanda ya taɓa koya masa yadda ake tambaya ko ranta na cikin haɗari, ko lokacin da ya wajaba a kira likita ko hukuma. Haka abin yake ga mai ciwon ƙwaƙwalwa da ake ɗauka aljanu ne, da yaron da ya kawo ƙarar wani babba, har da abu mai sauƙi kamar ƙa'idar cewa mutum biyu ne za su ƙirga kuɗin baiko na sujada su sa hannu.

Ikilisiya ta sha gyara tsarin horo idan ta ga ya gaza. A 1563 babban taron shugabannin Katolika da aka yi a garin Tirent ya umarci bishop-bishop na Katolika su kafa makarantun horar da limamai, saboda jahilcin limamai ya zama abin kunya a Turai. A 1925 Anton Boisen, wani fasto a Amurka wanda shi kansa ya yi jinyar taɓin hankali, ya fara kai ɗaliban tauhidi asibitin masu irin wannan ciwo domin su koyi sauraron mutum a cikin wahalarsa, kuma daga nan horon asibiti ya bazu. A 1992 Paparoma John Paul na Biyu ya kasa horon limami gida huɗu, ya ce ginin mutuntaka shi ne tushen sauran ukun. Wannan magana ta fi ƙarfin ɗarika ɗaya, domin kowace ɗarika ta ga abin da ke faruwa idan aka ba mai baiwar magana garke alhali bai mallaki kansa ba.

A ganina kada a naɗa kowa sai ya yi aƙalla shekara guda a ƙarƙashin gogaggen fasto, yana bin sa asibiti da gidan makoki da zaman sulhu, ana zama da shi bayan kowace ziyara ana tambayarsa abin da ya gani da abin da ya faɗa. Bisharar Markus ta ce Yesu ya zaɓi almajiransa sha biyu domin su kasance tare da shi, sa'an nan ya aike su. Sai dai akwai tarko a nan. Sau da yawa ɗalibin da aka tura koyon aiki yakan ƙare da riƙe jakar babban fasto da wanke masa mota, ya dawo da darasi guda, cewa girma shi ne a yi maka hidima. Wanda za a ba ɗalibi shi ma sai an tantance shi, kuma a ji ta bakin mata da matasan ikilisiyar kafin a rubuta rahoto, domin su ne suka ga yadda ɗalibin yake idan manya ba sa nan.

Za a ce ƙananan ikilisiyoyi ba su da kuɗi ko lokacin wannan, ga kuma wurare da yawa babu makiyayi ko ɗaya. Gaskiya ne. Amma a 1963 wata makarantar tauhidi a Gwatemala ta fuskanci haka, sai ta riƙa kai darasi wurin shugabannin da ke aiki a ƙauyukansu maimakon ta tumɓuke su zuwa birni, kuma tsarin ya yaɗu har Afirka da Asiya. Intanet ta ƙara sauƙaƙa shi. Abin da ba ta iya yi shi ne zama kusa da ɗalibi a gefen gadon mara lafiya, don haka ɗarikar da ta mayar da darussa kan waya sai ta ware mutanen da za su riƙa zuwa da ƙafarsu suna duba ɗaliban, ta kuma sa kuɗin tafiyarsu a kasafinta.