Mai kiran direba a waya, kai ma hannunka na kan sitiyari

Jama'a, duk lokacin da aka tashi maganar tuƙi da waya, direba kaɗai ake tasa wa gaba da faɗa. Ya cancanci faɗan, ba na kare shi. Amma kira mutum biyu ke yin sa, kuma na biyun, wanda ke zaune lafiya lau a kan kujerarsa yana cewa "saurara, magana ɗaya ce kawai", babu mai ambatonsa. Shi nake so mu ɗan tattauna a kai yau, shi da fasinjan da ke gani ya yi shiru.

Kafin nan bari mu gama da direban, don na san me zai ce. Zai ce shi ya ƙware, shekara da shekaru yana riƙe da sitiyari, ko ƙwarzane bai taɓa yi wa mota ba. Wannan magana ita ce ta fi ba ni tsoro a bakin direba, domin rashin yin hatsari jiya ba hujja ba ce cewa ɗabi'ar ba ta da illa. Abin da yake nufi kawai shi ne, duk sauran lokutan da ya sunkuyar da kai, babu yaron da ya tsallako titi a daidai wannan daƙiƙar, babu motar da ta taka birki a gabansa. Sa'a ce ta yi masa aiki, shi kuma ya sa mata suna gwaninta.

Lissafin ba ya buƙatar digiri. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Idan gudun ya kai kilomita 100, mita 28 ke nan. Hukumar kula da kiyaye haɗurran manyan hanyoyi ta Amurka, NHTSA, ta ƙiyasta cewa karanta saƙo ko tura shi yana ɗauke idon mutum daga titi na kusan daƙiƙa 5. Ka ninka 28 sau 5, za ka samu mita 140, wato fiye da tsawon filin ƙwallo. Duk wannan tafiyar motar ta yi ta ba tare da kowa yana kallon gabanta ba. Da za a ce wa direban nan ya rufe idonsa ya ƙirga biyar a kan babbar hanya, zai ce an haukace. Amma yana yin daidai wannan sau da yawa a tafiya ɗaya, don kawai idon a buɗe yake yana kallon wani abu daban.

Kuma ana gane shi tun daga nesa. Bi bayan irin wannan mota ka gani. Za ta rage gudu ba gaira ba dalili, ta fara karkata a hankali zuwa layin tsakiya, sai ka ga an fizgo ta da ƙarfi ta dawo hannunta. Ta gilashin baya kana hango kan direban yana sunkuyawa yana ɗagowa, yana sunkuyawa yana ɗagowa, wayar tana kan cinyarsa don kada jami'i ya gani. Da dare kuwa hasken allon ne ke tona masa asiri, fuskarsa ta yi shuɗi-shuɗi a cikin duhun motar. A danja, fitila za ta ba da hannu, layin gefe ya wuce, shi yana nan tsaye sai an danna masa hon, sannan ya figi mota a firgice ba tare da ya duba ko mai babur ya shigo gabansa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan tituna duk shekara, kuma hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Ba duka ne waya ta jawo ba, akwai gudu, akwai maye, akwai lalacewar hanya. Amma hukumar ta ce direban da ke amfani da waya ya ninka wanda ba ya yi kusan sau huɗu wajen yiwuwar yin hatsari. Wannan "sau huɗu" ɗin tsohon labari ne. Tun 1997 wasu masu bincike biyu, Donald Redelmeier da Robert Tibshirani, suka bi takardun kiran wayar direbobi 699 da suka yi hatsari a birnin Toronto na Kanada, suka gwada lokacin kira da lokacin karo, suka samu wannan adadi. Ku tuna a 1997 galibi kira ake yi da waya. Babu WhatsApp, babu TikTok, babu ɗaukar bidiyon kai ana tuƙi ana gaida masu kallo. Da aka zo kan rubuta saƙo, cibiyar binciken sufuri ta jami'ar Virginia Tech da ke Amurka ta sa kyamarori a cikin manyan motocin dakon kaya, ta fitar da sakamako a 2009 cewa haɗarin ya ninka sau 23.

To, a nan ne wayayyu ke cewa su sun wuce wannan matsalar, domin ba sa riƙe waya a hannu. Lasifikar mota suke amfani da ita, ko abin saƙalawa a kunne, hannu biyu na kan sitiyari, ido na kan titi. Na yarda ya fi rubuta saƙo sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai binciken Toronto ɗin nan bai samu wani bambancin a-zo-a-gani ba tsakanin mai riƙe waya da mai magana ta lasifika, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya har yau tana cewa bambancin kaɗan ne. Dalili kuwa shi ne hannu ba shi ke tuƙi ba, hankali ne. Mutum na iya zuba wa titi ido alhali zuciyarsa tana can wurin lissafin bashin da ake yi masa ta waya. Idon ya ga fitilar birkin motar gaba ta kama, amma saƙon ya makara kafin ya isa ƙafa. David Strayer na jami'ar Utah ta Amurka da abokan aikinsa sun gwada mutane a na'urar kwaikwayon tuƙi, suka wallafa a 2006 cewa tawayar da hira ta waya ke yi wa direba tana iya kaiwa ta wanda ya sha giya har iyakar da dokar Amurka ta haramta tuƙi. Faransa ma tun watan Yulin 2015 ta hana direba saƙala abin sauraro a kunne.

Wani zai ce, to ai hira da fasinja ma hira ce, me ya sa ba a hana ta ba? Wannan tambaya tana da kyau, kuma amsarta ita ce ainihin abin da ya sa na yi wannan rubutu.

Ka lura da mutumin da ke zaune a gidan gaba yana ba direba labari. Ana cikin labarin sai direba ya fito zai wuce tirela, ga wata mota ta ɓullo daga nesa. Me ke faruwa? Mai labarin zai yi tsit a tsakiyar jimla, ba wanda ya ce ya yi shiru. Wataƙila ma ƙafarsa ta danna ƙasa kamar akwai birki a wurinsa. Sai an koma hannu lafiya sannan ya ja numfashi ya ce "ina muka tsaya?" Yana ganin abin da direba ke gani, kuma ransa na cikin motar, don haka hirarsa tana tafiya da yanayin titi. Masu binciken Utah sun gwada wannan ma: direbobin da ke hira da fasinja sun fi kama mahaɗar da aka ce su sauka, masu hira ta waya kuwa da yawansu suka wuce ta ba su sani ba.

Mai kira ba ya ganin komai. A daidai lokacin da tirelar ke gefe, shi yana cewa "Hello? Hello? Kana ji na kuwa? Na ce nawa ka ce masa?" Shirun direba ba ya nuna masa akwai haɗari, sai ya ɗauka ana share shi, ya ƙara ɗaga murya. Direban kuma, don kunya ko don gudun ɓacin rai, sai ya raba hankalinsa biyu a lokacin da yake buƙatarsa gaba ɗaya. Shi ya sa na ce mai kira fasinja ne makaho da aka ɗora a mota, wanda kuma ko motar ta kife babu abin da zai same shi.

Ba a mota kaɗai ba. A ranar 24 ga Yulin 2013 jirgin ƙasa ya kauce daga layi kusa da Santiago de Compostela a ƙasar Sifaniya, kusan mutum 80 suka mutu. Ya shiga kwanar da aka ƙayyade wa kilomita 80 a awa da gudun da ya haura ninki biyu. Jim kaɗan kafin nan direban yana kan waya, kuma ba hirar banza yake yi ba, abokin aikinsa ne da ke cikin jirgin ya kira shi a kan maganar aiki, wato layin da za su tsaya a wata tasha can gaba. An kuma yi ta muhawara a kan ƙarancin na'urorin tsaro a wannan yanki na layin, ba waya kaɗai aka zarga ba. Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne kiran halal ne, na aiki, daga mutumin da ba ya nufin kowa da sharri.

Yawancin kiran da ke kashe mutane haka suke. Maigida ne ke son sanin ko kaya sun isa. Uwargida ce ke tambaya ko an kusa. Mai jiran saƙo ne ya ga mai babur ya yi jinkirin minti goma. Ka ce wa mutum "ina tuƙi", sai ya ce "to a taƙaice", ya kuma zarce da bayani. Mafi muni su ne kamfanonin da ke rubuta doka a takarda cewa an hana direbobinsu taɓa waya, amma idan an kira direba bai ɗauka ba a tuhume shi. Wanne zai bi, takardar ko mai biyansa albashi? A watan Agustan 2016 wani direban babbar mota a Ingila ya afka wa jerin motocin da suka tsaya a kan hanyar A34, ya kashe wata uwa da yara uku. Kyamarar cikin motarsa ta nuna yana latsa waya yana neman waƙa. Ba a daɗe ba kafin hatsarin ya sa hannu a takardar wurin aikinsa cewa ba zai yi amfani da waya yana tuƙi ba. An ɗaure shi shekara 10. Sa hannu a takarda abu ne mai arha.

Doka tana da amfaninta. Jihar New York ta hana riƙe waya ana tuƙi tun 2001, Birtaniya ta bi a 2003, ta ninka hukuncin a 2017 zuwa tarar fam 200 da makin laifi 6 a kan lasisi, sannan a 2022 ta toshe ƙofar da masu wayo ke bi suna cewa ai hoto suke ɗauka, ba kira ba. Jihar New South Wales ta Ostareliya ta kafa kyamarorin da ke leƙa cikin mota daga sama tun ƙarshen 2019. Duk da haka a Amurka kaɗai mutum 3,308 suka mutu a 2022 a haɗurran da ɗaukewar hankalin direba ya shiga ciki. Jami'i ba zai zauna a kowace mota ba, kuma da wuya doka ta kama wanda ya bugo.

Saboda haka ni dai ga yadda nake ganin ya dace. Idan ka kira mutum ka ji ƙugin inji ko ƙarar iska, tambayar farko ita ce "tuƙi kake yi?" Idan ya ce e, ko da ya ce "ba komai, faɗi", kai ne za ka ce sai ka sauka, ka katse. Kar ka bi shi da saƙo kuma, domin ƙarar shigowar saƙon ita ma tana jan ido, kuma mutum ba ya iya jure sanin cewa akwai abin da bai karanta ba. Idan kai ne mai ɗaukar direba aiki, ka gaya masa da bakinka cewa rashin ɗaukar kiranka a kan hanya ba laifi ba ne, kuma ka cika wannan alkawari ranar da ranka ya ɓaci. Wayoyin yanzu suna da tsarin da ke rufe sanarwa idan ana tuƙi, na iPhone tun 2017 yake, har yana iya mayar wa mai saƙo amsa da kansa. Taswira kuma a saita ta kafin a tada mota.

Saura fasinja, wanda shi ne ya fi kowa hujjar magana kuma ya fi kowa yin shiru. Na san abin da ke ɗaure harshe. Direban yayanka ne, ko surukinka, ko maigidanka a wurin aiki, ko wanda ya rage maka hanya kyauta, kana jin nauyin ka ce masa ya ajiye waya kamar kana koya masa tuƙi. Ba sai an yi wa'azi ba. Wayar na fara ƙara ka miƙa hannu ka ce, "Yaya, kawo in amsa maka," ko "Ranka ya daɗe, bari in karanta maka saƙon, ka faɗa min amsar in rubuta." Yawancin mutane za su miƙo, don ka ba su hanyar da babu zubar da girma a cikinta. Wanda ya ƙi kuma, ya ci gaba da latsawa kuna kan gudu, kana da damar ka ce ya tsaya a gefe ya gama, ko ya sauke ka a inda za ka samu wata motar.