Fijo 504 ɗin da ta shiga aljihuna

Wani ƙanina da ke karatu a Faransa ne ya jawo min wannan fitinar. Ce masa na yi in zai dawo hutu ya taho min da ƴar ƙaramar Fijo 504 wagon ta kwalliya, ni a raina irin ta ƙarfen nan da ake sayarwa a haɗe, ka ciro daga kwali ka ɗora a kan talabijin shikenan. Bawan Allah sai ya kawo min ta rezin, wani abu mai tauri mai kama da roba, sikeli 1/43, wato komai na motar an raba shi gida 43, motar da ta kusa mita biyar ta dawo wajen santimita 11. Na buɗe kwali na tarar da bodi tsirara ba fenti, kujeru a wata leda, tayoyi a wata, gilashin wata siririyar roba ce da kai za ka yanka da almakashi, ga wani ɗan fallen ƙarfe mai ɗauke da waifa da ba ka ganin su sai ka runtse ido, sai takarda guda ɗaya tal da Faransanci. Na ce masa ina motar? Ya ce Yaya ai ita ce a hannunka, haɗawa ake yi, can tsofaffin Turawa har ƙungiya gare su. Na ce tsofaffin Turawa ba su da kuɗin makaranta a kansu.

Amma dai na zauna na bi bidiyoyi a YouTube, abin ya shige ni.

Abu na farko wai sai an yi wa motar wanka. Shi rezin zuba shi ake yi a cikin mazubin silikon, kuma ana shafa wa mazubin wani maiƙo don kada ya kama, maiƙon nan yana biyo bodin, in ka fesa fenti a kansa tattarewa zai yi ko ya ɓare daga baya. Don haka ruwan ɗumi, sabulun wanke kwanuka, tsohon buroshin haƙori. Ga shi Disamba ne, wanda ya san sanyin Jos ya san ruwan ɗumi da asuba dukiya ce, na ɗebi rabin ruwan wankan yara na tsugunna a bakin rariya ina cuɗa rufin mota a hankali. Uwargida ta fito ta tsaya a kaina ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce Abban yara tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ka wanke ko cokali ba, ashe ka iya. Ban tanka ba, na ci gaba da wanke bayan but.

Sai kuma na lura shasin, wato ƙasan motar da bodi ke zama a kai, a karkace yake, in ka ajiye shi a tebur gefe ɗaya na ɗage sama. Wannan halin rezin ne, kuma maganinsa ruwan zafi wanda bai kai tafasa ba, ka tsoma na ɗan lokaci ya yi laushi, ka miƙar da shi a kan abu mai shafe, ka sa a ruwan sanyi ya tsaya a haka. Da daddare ne an ɗauke wuta, na lalubo filas a kicin na tsiyaya a kofi na jefa shasi, ina jira ina jin wani ƙamshi yana tashi, na haska fitilar waya, kunun gyaɗar da aka dama wa yara na safe ne. Wallahi shasin ya miƙe sarai, duk mai shakka ya gwada, sai dai an sake sabon wanka kuma yara sun sha shayi ba madara washegari, zancen har gidan surukai.

Gogewa ita ce ta fi cin rai. Ƙurar rezin ba ta da kyau ga huhu ko kaɗan, shi ya sa ake jiƙa samfefa a goge cikin ruwa, a fara da lamba 400 a gangaro zuwa 1000, ni har takunkumin zamanin korona na tono na saka. Kana gogewa ƙananan ramuka na fitowa inda iska ta maƙale lokacin zubi, kowanne sai ka ɗiga masa supa gulu da tsinken sakace ka sake gogewa. Gam ɗin da ake haɗa motocin roba da shi narkar da robar yake yi su haɗe, shi kuwa rezin ko a jikinsa, sai supa gulu ko Araldite. Gilashi ne kawai ba a kai masa supa gulu kusa, hayaƙinsa farar da shi yake ya zama ba ka ganin ciki, shi Top Bond ɗin kafintoci ake ɗiga masa don in ya bushe ba a ganinsa. A wajen gwajin gam ɗin nan madubin gefe ya ɓace. Na tara gida kaf, kowa a rarrafe da fitilar waya, aka ɗage tabarma, aka zazzage takalma, na hana shara, har na fara zargin ƙaramin ya haɗiye, sai babbar ta ce Abba mene ne wannan a babban yatsanka.

To fenti. Na ce tunda mota ce bari in je wajen masu abin, na nufi Dilimi wajen wani dattijo mai fentin mota da aka kwatanta min. Na yi sallama na ce Oga fentin 504 nake so, wagon, ruwan madara. Mutumin nan ya ajiye abin da ke hannunsa, fuskarsa ta washe, ya sa aka kawo min benci. Ya ce Alhaji 504 a wannan zamanin? Ai kai ka san mota, tun 1975 da aka fara haɗa Fijo a Kaduna ba a sake yin bodi irin nata ba, waɗannan na yanzu ka jingina da su su lotsa. Ya ce bodin duka za a fesa? Na ce duka. Akwai tsatsa? Na ce ko ɗigo. Ya ce ikon Allah, a gareji aka ɓoye ta kenan, inji na tashi? Na ce ba ta da inji. Ya ce ba komai sai a jawo ta, tana wace unguwa? Na ce ai na zo da ita. Ya leƙa titi dama da hagu, ni kuma na sa hannu a aljihun jamfa na warware hankici.

Yaran shagon ɗaya sai da ya zauna a ƙasa. Shi Ogan bai yi dariya ba, ya karɓa ya juya ta ya duba ƙasa ya duba layin ƙofa, ya ce gogewar ta yi, wa ya koya maka? Sannan ya ce in ya saita mata bindigar feshinsa sai dai a tsinto ta a Bukuru. Ya ce in je in sayi gwangwanin feshi, firaima tukuna mai ruwan toka don ita ke tona duk ramin da ya rage kuma ita fenti ke kamawa, in fesa sama-sama daga nesa kamar taƙi ɗaya, in bari ya sha iska in sake, kada in yi zarin rufewa a tashi ɗaya. Kuma saboda sanyin garin nan in tsayar da gwangwanin a ruwan ɗumi kafin in fesa, in ba haka ba fentin zai fito gurji-gurji kamar ɓawon lemo. Ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce dai in an gama a kawo masa ya gani, kuma har na kai bakin titi ina jin yaran suna cewa a kawo jak.

Duk abin da ya faɗa haka ne, abin da bai faɗa ba shi ne hunturu. Ka fesa fenti ya kwanta lumui, ka juya ka ajiye gwangwani, ƙura ta sauka a bonet, kuma a sikelin nan ƙwayar ƙura ɗaya dutse ce. Na goge na sake, na goge na sake, daga baya na gano dabara, in yayyafa ruwa a ƙasa, in fesa, in yi maza in kife ta da babban kwanon silba na uwargida. Haka na samu fentin ya fita. Na bi layin ƙofofi da baƙin fenti mai ruwa-ruwa, na ja bamba da hannun ƙofa da ruwan azurfa a bakin tsinke ina riƙe numfashi, lambar mota kuma irin takardar nan ce da ake jiƙawa ta zame daga bayanta ka ɗauke ta da hantsaki. Ranar Asabar da hantsi na fesa mata mai ƙyallin ƙarshe, ta yi kyau har ni kaina na tsorata, na ɗora a teburin falo na kife kwano na shiga wanke hannu.

Ashe Baba ya shigo. Shi kuwa Baba shekaru ya yi yana jan 504 wagon daga tashar Bauchi Road zuwa Bauchi, kujera layi uku, kuma dattijo ne da in ya ga kwano a rufe a gidan ɗansa ba ya neman izini. Na fito na same shi da motar tsakanin yatsu biyu, babban yatsa a tsakiyar rufi, ya kai ta kusa da ido. Na ce Baba... ya ɗaga min ɗaya hannun. Ya ce ba kariya a sama, kayan fasinja a ina za su hau? Kuma bayanta ya ɗage da yawa, wagon ɗin da ta san aiki bayanta a ƙasa yake. Ya zo ajiyewa ta ƙi sakinsa, sai da ya girgiza hannu, zanen yatsansa ya fito raɗau a rufin, layi-layi, ko wajen rajistar katin zaɓe ba su ɗauka da kyau haka ba.

Ya murza yatsan a jikin babbar riga ya ce wa ya yi maka fentin nan? Bai bushe ba, an cuce ka, ka koma ya biya ka kuɗinka. Sai ya leƙa cikin kwanon ya ɗaga murya ya ce wa uwargida, ƴata, shi abincin da aka rufe ɗin ina yake?