Su wa ke sayen tsofaffin motocin nan?

Hmm, marubuci ka ce matasa ne ke rububin tsofaffin motocin Amurka masu ƙarfin inji, gaskiya ban yarda ba. Yawanci dattawa ne da suka yi samartaka wajen 1970, lokacin suna ganin Mustang da Charger a titi aljihu ba ko sisi, yanzu kuɗi ya zo gashi ya yi fari. A 2014 fa an sayar da Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen sama dala miliyan 3.5 a gwanjon kamfanin Mecum na Amurka, to wa zai hau wannan ya je cefane wani ya goga masa? Gareji ake kulle ta, in za a kai ta baje koli ma a tirela ake ɗauka, don mil na ƙaruwa farashi na sauka. Jay Leno dai, ɗan barkwancin talabijin na Amurka mai tarin motoci, yana hawa nasa, shi kam na sara masa.